Tafiya tsibirin Java: waɗanne garuruwa ne suka cancanci a tsaya a cikinsu?

Abdul-Razak, Aboabo:
Assalamu alaikum, iyaye da yayye na wannan zaure. Mahaifiyata, wadda da yawanku kun sani da sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ta ƙudiri niyyar zuwa Indonesiya bayan Babbar Salla domin ta ga kasuwar yadi ta can da idonta, kuma ni aka ɗora wa rakiya da tsara hanya. Lokacin da muke da shi bai wuce mako biyu ba, kuma ba mu da niyyar fita daga tsibirin Java. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa, ko suka yi karatu a can, su gaya mana garuruwan da ya kamata mu tsaya da waɗanda za mu wuce ba tare da mun yi asara ba, domin duk wanda na tambaya a nan Jakarta kaɗai yake ambata mini.

Alhaji Isa, Tema:
Wa alaikumus salam. Dalilin da ya sa kowa yake ambata maka Jakarta shi ne, a can cinikin yake. Kasuwar Tanah Abang tana ci tun shekarar 1735, kuma ita ce babbar kasuwar yadi da tufafi ta duk kudu maso gabashin Asiya. A kewayenta akwai 'yan Afirka ta Yamma da suka daɗe suna haɗa kaya suna turowa gida, saboda haka Hajiya ba za ta rasa wanda zai auna mata kaya ya saka a kwantena ba. Babu jirgin da yake tashi daga Accra kai tsaye, sai an ratsa ta Dubai ko Doha ko Santambul, kuma agogonsu yana gaban namu da awa bakwai, don haka kwanakin farko gajiya ce za ta cinye su. Shawarata ita ce ku kama masauki kusa da kasuwar, ku gama abin da ya kai ku, ku yi sallar Juma'a a masallacin Istiqlal, ku dawo gida. Yawon garuruwa aikin wanda ba ya lissafin kuɗin jirgi ne.

Hajiya Ramatu, Kejetia:
Alhaji Isa, Allah ya ja kwana, amma a wannan ban bi ka ba. Kai mai fitar da kaya ne daga tashar jiragen ruwa, kwantena kake gani, mu kuwa zane muke gani. Tanah Abang kamar a ɗauki Kejetia ne a ɗora ta hawa bisa hawa, kuma abin da ya fi yawa a cikinta kayan inji ne: hijabai, dogayen riguna, sallaya, da yadi mai zanen batik (rinin kaki na mutanen Java) wanda aka buga a masana'anta. Wannan kaya ne mai kyau, yana fita a wurinmu, amma wadda ta tsaya a nan ba ta ga inda ake yin aikin ba, kuma duk abin da dillali ya gaya mata shi za ta yarda da shi.

Abdul-Razak, ɗana, ka kai mahaifiyarka Pekalongan. Gari ne a bakin teku ta arewa, jirgin ƙasa da yake zuwa Semarang yana tsayawa a tasharsa, kuma unguwanni da dama a cikinsa ba su da wata sana'a sai rini. Na shiga wani gida a can na tarar da mata zaune a kan 'yan kujeru, sun kewaye ƙaramin kasko mai narkakken kaki a kan wuta. Kowace tana riƙe da wani ɗan cokali na jan ƙarfe mai siririn baki, sai ta ɗebo kakin, ta hura bakin da iska don kada ya toshe, sannan ta ja layi a kan farin ƙyalle ba tare da hannunta ya yi rawa ba. Inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa, kuma kowane launi sai an sake rufewa an sake tsomawa, shi ya sa zane guda mai kyau yake iya cin watanni. A bayan gidan kuma maza ne suke dangwala hatimin jan ƙarfe a kaki suna bugawa a kan yadi, wanda ya fi sauri kuma ya fi araha. Wadda ta ga wannan sau ɗaya, ba mai sake sayar mata da na inji a kuɗin na hannu, domin za ta juya bayan zanen ta duba ko launin ya ratsa, ta shinshina ta ji ƙanshin kaki, ta nemi 'yan kurakuran da hannun mutum ba ya rasawa.

Sai dai ta riƙe abu guda a ranta kafin ta zuba kuɗi. Zanensu na gargajiya bai wuce mita biyu zuwa biyu da rabi ba, mu kuwa yadi shida muke yanka wa mace ta samu riga da zane da kallabi. Idan tana son abin da zai fita a Kumasi, sai ta zauna da mai gidan rinin ta ba da aiki a yi mata a tsawon da muka saba, kuma wannan magana ba a yin ta a Jakarta.

Malam Sani, Tafo:
Ina goyon bayan Hajiya Ramatu, kuma ina so in ƙara wani dalili da ya shafe mu mutanen Kumasi musamman. Tsakanin 1831 da 1872 Turawan Holan sun kwashi mutane sama da 3,000 daga wannan gaɓa tamu, ta Elmina, zuwa Java domin aikin soja. A 1837 wani janar nasu mai suna Jan Verveer ya zo har Kumasi ya ƙulla yarjejeniya da Asantehene, wato sarkin Asantawa, Kwaku Dua na ɗaya a kan a ba su mutum 1,000, su kuma su ba da bindigogi, har aka buɗe wurin ɗaukar soja a cikin garin nan. Mafi yawan waɗanda aka tura ba Asantawa ba ne, mutanen arewa ne da bauta ta kawo su kudu, aka fanshe su da kuɗin da za a riƙa cirewa daga albashinsu. Waɗanda suka dawo bayan sun gama aiki sun zauna a wani tudu a Elmina da har yau ake kira da sunan Java. Waɗanda ba su dawo ba sun auri matan ƙasar, kuma da yawansu sun zauna a wani ƙaramin gari mai suna Purworejo, yamma da Yogyakarta, inda har yanzu akwai lunguna da ke ɗauke da sunan unguwar 'yan Afirka, ko da yake jikokinsu sun koma Holan bayan Indonesiya ta sami 'yanci.

Akwai kuma Bogor, kudu da Jakarta, wanda jirgin ƙasa na cikin gari yake kai mutum. Mutane suna zuwa ne don katafaren lambun itatuwa da aka kafa a 1817, amma a can ne Kwasi Boakye, ɗan Kwaku Dua, ya rasu a 1904. An tura shi Holan yana yaro a cikin wannan yarjejeniya, ya yi karatun haƙar ma'adinai, aka kai shi Java aiki a 1850, kuma bai sake zama a Kumasi ba. Ban ga yadda ɗan garin nan zai je har Jakarta ya kasa ba Bogor yini guda ba.

Alhaji Isa, Tema:
Malam, tarihi yana da daɗin ji, amma kai da bakinka ka ce jikokin sun tashi. Me Hajiya za ta gani a Purworejo ban da allon suna a bakin lungu?

Malam Sani, Tafo:
Gaskiyarka, Alhaji, ba za ta ga wani abu mai yawa ba, kuma ban ce a kwana a can ba. Amma garin yana kan hanya ga wanda ya sauka Yogyakarta, kuma wanda ya san labarin ba zai ɗauki allon sunan a matsayin ƙaramin abu ba. Abin da nake ƙi shi ne maganar da ake yawan yi cewa waɗannan sojoji ne suka kawo mana atamfa. Mai yiwuwa sun dawo da zannuwa a akwatunansu, amma atamfar da muka sani ta zo ne ta hannun masana'antun Holan da Ingila, waɗanda suka kwaikwayi batik da inji don su sayar wa mutanen Java, su kuwa suka raina aikin, sai 'yan kasuwar Turai suka juyo da shi gaɓar tekunmu a ƙarshen ƙarni na 19, inda ya samu karɓuwa. Wato abin da Hajiya take sayarwa a Kejetia jikan abin da za ta gani ne a Pekalongan, amma ta Turai ya biyo.

Alhaji Baba, Yalwa:
Jama'a, na ga kuna ta batun zane da sojoji, kun bar abin da ya fi girma. Java ita ce zuciyar ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a wannan yanki na duniya. Faɗin tsibirin bai kai kashi biyu cikin uku na Ghana ba, amma mutanensa sun kai kimanin miliyan 150. Musulunci ya kafu a can ne ta hanyar fatake da malamai, kuma mutanen ƙasar suna girmama wasu waliyyai tara da suke jingina wa wannan aiki a ƙarni na 15 da na 16. Hanyar da Hajiya Ramatu ta faɗa, ta bakin tekun arewa, ita ce dai hanyarsu. A Cirebon, wanda jirgi yake isa cikin kimanin awa uku daga Jakarta, akwai hubbaren ɗaya daga cikinsu, Sunan Gunung Jati. Daga Semarang a ɗauki mota zuwa Demak, inda aka kafa daular Musulunci ta farko a tsibirin, a ga tsohon masallacin da ba shi da ƙubba sai rufi mai hawa uku a kan manyan ginshiƙan katako huɗu. Daga nan a ƙarasa Kudus.

Kudus ce ta fi tsaya mini a rai. An gina masallacinta a 1549, kuma hasumiyarsa ta jan bulo ce, an yi ta da siffar ginin mutanen da aka tarar a ƙasar, mabiya addinin Hindu, ta yadda baƙo zai iya wucewa bai san masallaci ba ne. A samanta akwai babban tambari da ake bugawa don sanar da shigar lokacin salla. Ana ba da labarin cewa malamin da ya kafa garin ya hana almajiransa yanka saniya don kada a ɓata wa maƙwabta rai, tunda su suna girmama ta, kuma har yau abincin da garin ya yi suna da shi romon naman ɓauna ne. Abdul-Razak, in ka hana mahaifiyarka ganin wannan don ku ƙara kwana a kasuwa, ba ka kyauta mata ba.

Ustaz Nuhu, Asawase:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ganin tsofaffin masallatai da sanin yadda addini ya shiga ƙasa abu ne mai kyau, ban da ja a kansa. Amma ya kamata a gaya wa yaron nan abin da zai tarar a waɗannan hubbarori, domin motoci ne cike da mutane suke zuwa dare da rana, wasu suna karatu da addu'a, wasu kuma suna wuce iyaka wajen neman biyan buƙata. Su kansu Musulmin ƙasar ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan. Ƙungiyar Muhammadiyah, da aka kafa a Yogyakarta a 1912, ba ta ƙarfafa irin wannan ziyara, ita kuwa Nahdlatul Ulama, da aka kafa a Surabaya a 1926, ta riƙe ta. In sun je, su yi sallama ga mamata, su yi musu addu'a, su fita.

Wani abu kuma da zai amfane su: mutanen can Shafi'iyya ne. Za su ji liman yana bayyana bisimilla, kuma a sallar Asuba a masallatai da yawa ana yin alƙunutu a bayyane bayan an ɗago daga ruku'u, mamu suna ɗaga hannu suna cewa amin. Kada Hajiya ta ɗauka an yi kuskure ne.

Alhaji Baba, Yalwa:
Ustaz, wannan saɓani mun san shi a unguwanninmu tun kafin a haifi wasu a zauren nan, kuma ba a kansa aka yi tambaya ba. Abin da ka ce su yi, shi ne abin da ni ma na yi. Mu koma kan garuruwa.

Fatima, Nima:
Ina gaida iyayena. Na yi karatu a Yogyakarta, saboda haka ina neman izini in yi magana a kan kudancin tsibirin, wanda har yanzu ba a taɓo sosai ba. In ana son gari guda da za a zauna a huta a kuma ga abubuwa da yawa ba tare da wahala ba, Yogyakarta ne. Gari ne na ɗalibai da masu sana'ar hannu, rayuwa tana da sauƙi, kuma sarkinsa, Sultan Hamengkubuwono na goma, shi ne kuma gwamnan lardin bisa doka. Ana shiga wani sashe na fadarsa da safe. Kasuwar Beringharjo tana kan babban titin Malioboro, kuma Hajiya za ta lura cewa zanen wannan yanki ya bambanta da na Pekalongan: can furanni ne da launuka masu haske, nan kuwa ruwan ƙasa ne da shuɗi mai duhu da fari, kuma akwai zanen da a da ba mai ɗaura shi sai jinin sarauta.

Solo, wadda ake kira Surakarta, ba ta fi tafiyar awa guda da 'yan mintoci a jirgin ƙasa ba. Don sari, kasuwar Klewer ta can ta fi ta Yogyakarta, kuma unguwar Laweyan ta masu rini ce tun da daɗewa. A cikinta ne wani attajirin batik, Haji Samanhudi, ya kafa ƙungiyar 'yan kasuwa Musulmi a farkon ƙarni na 20, wadda daga baya ta zama babbar ƙungiyar siyasa.

Gargaɗina guda shi ne abinci. Duk inda kuka shiga halal ba ya wahalar samu, akwai shinkafa, kifi, kaza, da tsire da ake zuba wa miyar gyaɗa, amma mutanen Yogyakarta da Solo suna saka sukari a kusan komai, har a miya da nama, kuma shayi in ba ka ce a'a ba da zaƙinsa zai zo. Dattijuwar da take kula da sukarinta ta riƙa tambaya kafin a zuba mata, kuma ta tafi da yajinta.

Abdul-Razak, Aboabo:
Na gode, Yaya Fatima. Borobudur fa? Hotonsa nake fara gani duk lokacin da na nemi bayani a intanet, amma ina shakkar ko wuri ne da ya dace in kai mahaifiyata.

Ustaz Nuhu, Asawase:
Wurin bautar mabiya Buddha ne, cike da gumaka sama da 500. Ni ba zan kashe kuɗina a kansa ba.

Fatima, Nima:
Ustaz yana da hujjarsa, kuma ba wanda zai ce dole ne. Abin da zan iya faɗa shi ne, yawancin masu zuwa wurin da masu aiki a cikinsa Musulmi ne, kuma suna kallonsa ne a matsayin aikin kakanninsu na ƙarni na 9, tun kafin Musulunci ya iso. Yana da nisan kimanin kilomita 40 daga Yogyakarta. Yanzu an taƙaita yawan masu hawa saman ginin, sai da tikiti na musamman da ɗan jagora da wasu takalma da ake bayarwa don kada duwatsun su ci gaba da zaizayewa, kuma matakalan suna da tsayi ga mai ciwon gwiwa. Ina ganin Yaya Abdul-Razak zai iya zuwa shi kaɗai da sassafe, Hajiya kuma ta yi wannan safiya a Beringharjo. Haka nan dutsen Bromo mai aman wuta da ke gabas, wanda ake tashi tsakar dare cikin tsananin sanyi don a ga fitowar rana a kansa, na matasa ne, kuma zai ja ku nesa da hanyarku.

Malam Sani, Tafo:
Kada a manta da Bandung. A can ne ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka yi taro a watan Afrilu na 1955, kuma ƙasarmu ta halarta tun tana Gold Coast, shekara biyu kafin 'yanci, da Kojo Botsio a kan gaban tawaga. Zauren taron, Gedung Merdeka, yana nan an mayar da wani sashensa gidan tarihi. Garin yana kan tudu, iskarsa tana da sanyi, kuma tun 2023 akwai jirgin ƙasa mai gudun gaske da yake haɗa shi da Jakarta cikin ƙasa da awa guda.

Hajiya Ramatu, Kejetia:
Malam, in aka bi ta taka da ta Alhaji Baba gaba ɗaya, sai matar nan ta yi wata biyu ba ta dawo ba, rumfarta kuma tana rufe. Mai kwaɗayin gari goma ba ya ganin ko ɗaya da kyau. Ga yadda zan yi in ni ce: a sauka Jakarta a huta, a zaga Tanah Abang a ji farashi amma kada a sayi komai. A hau jirgin ƙasa zuwa Pekalongan a ba da aiki. A wuce Semarang a kwana, a ɗauki mota a yi Demak da Kudus a yini guda, a gangara Solo da Yogyakarta. Daga nan a dawo Jakarta, kuma a lokacin ne za a yi sari, domin ido ya riga ya buɗe. Bogor ko Bandung, a zaɓi ɗaya a ranar da ake jiran a gama ɗaure kaya. Cirebon tana kan layi, amma ni zan wuce ta, kuma Surabaya ta yi nisa.

Alhaji Baba, Yalwa:
Wuce Cirebon bai yi mini daɗi ba, Hajiya, alhali ita ma tana da unguwar masu rini, Trusmi, da zanenta na gajimare wanda ba a yi wa Pekalongan shaida da shi ba. A sauka da safe, a hau jirgin yamma, ba a rasa komai ba.

Alhaji Isa, Tema:
Tunda an rinjaye ni, bari in faɗi abin da ya shafi fannina. Lokacin da kuka zaɓa yana da kyau, domin ruwan sama ya fi yawa daga Nuwamba zuwa Maris, kuma kun kauce wa Ƙaramar Salla, lokacin da miliyoyin mutane suke barin Jakarta zuwa garuruwansu har tikitin jirgin ƙasa ya gagara. Ku tafi da katin rigakafin shawara. Kuɗinsu yana da sifili da yawa, dala guda ta haura rupiya 15,000, saboda haka a rubuta kowane farashi a waya a nuna wa juna kafin a ce an saya. Abu mafi muhimmanci kuma, kada ku karɓi saƙon kowa, ko a nan ko a Dubai ko a can, komai kusancinku da shi, domin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a ƙasar yana kaiwa ga kisa, kuma a 2015 an zartar da shi a kan wasu 'yan Afirka ta Yamma. Game da aikin da za a bayar a Pekalongan, Hajiya Ramatu, rinin hannu ba zai gamu kafin su taso ba, to wa zai karɓa ya kai wa mai kwantena a Jakarta?

Hajiya Ramatu, Kejetia:
Na hatimi za ta bayar, ba na cokali ba, kuma masu gidajen rinin sun saba tura kaya Jakarta da kansu. A biya rabi, a ɗauki hoton samfurin da sa hannun mai gidan, sauran kuɗin kuma sai wakilinta ya ga kaya ya ƙirga.

Abdul-Razak, Aboabo:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Hajiya duk abin da aka rubuta, ta ce tsarin Hajiya Ramatu za a bi, amma a saka Cirebon saboda maganar Baba Alhaji, kuma tsakanin Bogor da Bandung ta zaɓi Bogor. Yaya Fatima, zan neme ki ta waya a kan masauki a Yogyakarta wanda yake kusa da masallaci kuma ba shi da matakala da yawa.